Akwatin kakana tsohon soja: Baffa ya ce a ƙona kafin arba'in

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni malamar makaranta ce a nan Damagaram, shekarata 27, gidanmu yana cikin Birni. Kakana na wajen uba ya rasu kwana ashirin da suka wuce, yana da shekara 94 a lissafin takarda. Ya yi sojan Faransa yana saurayi, aka kai shi Indoshin, wato yankin Vietnam na yanzu da maƙwabtanta, daga can Aljeriya. Da ya dawo ya yi tafinta a kotu, ya zama magatakarda, ya yi ta karatu da girmansa har ya zama lauya. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, a hannun tsohon na tashi. Matarsa, kakata, tana nan gida cikin takaba. Amarya yake kirana, ni kuma in ce masa Sarjan.

Kafin azumin bara ya ba ni makullin wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa, ya ce "ki riƙe", bai ƙara komai ba. Bayan sadakar bakwai na buɗe. Na tarar da littafinsa na soja, lambobi uku, baƙar rigarsa ta lauya, ɗaurin takardun shari'un mutane, da wani ɗan littafin rubutu irin na 'yan lakkol. A ciki ya rubuta da Faransanci cewa wata asuba a Aljeriya an tura su tashin wani ƙauye, suka fitar da mutane suka sa wa bukkoki wuta, kuma wata tsohuwa ta riƙe masa hannun riga tana salati irin na uwarsa. Shafi huɗu ne kawai. Tun da na karanta barcina bai daidaita ba.

Baffana, babban ɗansa, bai ga littafin ba, amma ya ce duk kayan sojan abin kunya ne, tsohon ya yi wa Nasara yaƙi da Musulmi, kuma a wannan zamani kada a ja wa gida magana, a ƙona komai kafin arba'in. Ni kuwa na yi niyyar rubuta tarihinsa a Facebook ranar arba'in ɗin. Yanzu ban san abin da zan rubuta ba. Gwaggo, mugun mutum ne ya rene ni? In miƙa wa Baffa akwatin?

Jikar Sarjan, Birni

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi.

Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma kowane karo a wuri ɗaya nake tsayawa: ya ba ki makulli. Mutumin nan lauya ne. Ya yi shekaru yana ganin yadda takarda guda ke raba gona, ta kashe aure, ta kai mai gemu kaso. Ya fi ni da ke da Baffa sanin nauyin rubutu. Littafin nan ya kwana ƙarƙashin gadonsa shekara sittin da ɗoriya, kullum ana hura wuta a tsakar gidan, bai taɓa jefa shi a murhu ba. Da ya ga rana ta yi yamma sai ya duba cikin zuri'arsa, ya zaɓi wadda ke karanta Faransanci, ya danƙa mata makulli. Wanda ke son a ƙona abu ba haka yake yi ba. Amma wanda ke son a yi shela da shi ma ba haka yake yi ba, domin yana da baki, yana da zaure cike da mutane kowace safiya, kuma bai faɗa ba. "Ki riƙe" ya ce. To ki riƙe. Kada ya shiga wuta, kada kuma ya shiga Facebook.

Kin tambaye ni ko mugun mutum ne ya rene ki. Ba zan yi miki daɗin baki in ce abin da ya rubuta ƙarami ne ba. A yaƙin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, sojan Faransa sun tashi ƙauyuka da yawa, suka tattara mutanen karkara a sansanoni don su raba mayaƙan 'yanci da masu ba su abinci, har kusan mutum miliyan biyu aka raba da gidajensu ta wannan hanya. Asubar da kakanki ya rubuta ɗaya ce daga cikin irin waɗannan. Tsohuwar nan an zalunce ta, kuma hannunsa na ciki. Shi ya fara sanin haka, shi ya sa ya rubuta. Faransa kanta sai a 1999 ta yarda a hukumance ta kira abin da ta yi a can yaƙi, shekara talatin da bakwai bayan an gama. Shi kuwa saurayi ɗan Damagaram ya zauna da alƙalami ya rubuta nasa rabon ba tare da wani alƙali ya tuhume shi ba. Mugu, a irin sanin da na yi wa mutane, ba ya tuna hannun da ya riƙe masa riga.

Sauran hisabin ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Abin da ya rage a hannunki shi ne nema masa gafara, kuma in za ki iya, ki riƙa sa tsohuwar nan da mutanen ƙauyenta a cikin addu'ar. Ina jin wannan zai fi komai dawo miki da barcinki.

Maganar Baffa cewa sojan Faransa abin kunya ne tana bukatar a sa ta a ma'auni, ba da tsawa ba. Tun 1857 Faransa ta fara ɗibar baƙaƙen soja, tana kiran su duka 'yan Senigal ko daga ina suka fito. Daga 1919 aka mayar da abin doka a yankinmu: kowace shekara a tara samari, likita ya duba, a yi ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya tafi shekara uku. Wasu haka aka kwashe su uwayensu na kuka. Wasu kuma, gaskiya ɗaya ce, da ƙafarsu suka je, don albashi, don tsere wa haraji da wulaƙancin 'yan sandan kumandan, ko don ƙuruciya kawai. Littafinsa na soja zai nuna miki ta wace ƙofa ya shiga, ki duba shafukan farko. Ko ta wace ce, ki tuna wa Baffa cewa Seyni Kunce, tsohon shugaban ƙasar Nijar, wanda babban filin wasa na Yamai ke ɗauke da sunansa, kakin nan ya sa, kuma Indoshin da Aljeriyar nan ya je. Ahmed Ben Bella ma, shugaban Aljeriya na farko, ya yi wa Faransa yaƙi a Italiya a 1944 har aka rataya masa lamba, kafin ya juya ya yaƙe ta. In za a ƙona tarihin duk wanda ya sa wannan kaki, wutar ba a gidanku za ta tsaya ba.

Kuma su waɗannan tsofaffi ba gata suka samu a hannun Faransa ba. A Disamba 1944, a sansanin Caroy kusa da Dakar, aka buɗe wa waɗanda suka dawo daga yaƙin duniya wuta don sun nemi kuɗinsu. A ƙarshen 1959 aka yi dokar da ta daskarar da fanshonsu, wato Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya da shi kuɗinsa na hawa kowace shekara, nasu yana nan inda yake. Sai da wani tsohon sarjan ɗan Senigal, Amadu Diop, ya yi ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, kuma daidaitawar ba ta kammala ba sai 2011, lokacin da akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ina yarinya na sha ganin irinsu a Zango, sun ci ado da tsohuwar kwat a kan babbar riga, lambobi na ƙara a ƙirji, za su je karɓar abin da bai kai kuɗin buhun hatsi ba. Mu yara muna bin su muna ƙamewa muna dariya. Yanzu nake jin kunyar wannan dariyar.

Amma bari in faɗa miki abin da nake zato, ki auna shi da sanin da kika yi wa gidanku. Ban yi tsammanin siyasa ce kaɗai ke cin Baffa ba. Kakan da kika sani ba shi ne uban da ya sani ba. Ke kin samu tsoho mai furfura wanda ya riga ya huce, mai kiranki amarya, mai ɓoye miki alewa a aljihu. Shi ya samu mutumin da bai daɗe da dawowa daga yaƙi biyu ba. Na san gidaje a garin nan inda 'ya'yan tsofaffin soja ke tashi tsakar dare da ihun ubansu, inda ake jera yara da asuba kamar a bariki, inda ƙarar bindigar hawan salla ke sa maigida ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ba a san sunan wannan ciwo ba a lokacin, sai a ce wane zafin rai gare shi, ko a ce soja ya taɓa shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila in Baffa ya dubi lambobin nan, ba Aljeriya yake gani ba, bulalar da ya sha yake gani. Saboda haka kada ki je masa da tarihi kamar kina gaban allo. Ki bar Kunce da Ben Bella a aljihu sai in shi ya ɗauko zancen.

Akwai kuma abin da ba za ki so ji ba. Akwatin nan, a shari'a, ba lallai naki ba ne. Mahaifinki ya riga tsoho rasuwa, kuma tun da akwai ɗa namiji a raye, jika ba ta da rabo a gado. "Ki riƙe" ba ta fito fili a matsayin kyauta ba, ba ta kuma fito a matsayin wasiyya ba, sai in akwai wanda ya ji ya ƙara wani abu. Wasiyya ga wanda ba magaji ba tana inganta matuƙar ba ta wuce sulusi ba, amma tana son shaida. Lauya guda, shekara da shekaru yana rubuta wa mutane takarda, bai rubuta layi biyu a kan akwatinsa ba. Wanzami ba ya son jarfa. Abin da wannan ke nufi shi ne ba ki da ikon ɗauke akwatin ki gudu da shi ɗakinki, amma shi ma Baffa ba shi da ikon ƙona shi shi kaɗai, domin dukiyar magada ce gaba ɗaya, har da gwaggwanninki da kakarki. Ki nemi malamin da zai raba gadon, ki gaya masa akwai akwati, a sa shi cikin lissafi. Da zarar ya shiga bakin malam, ashana ta yi nisa.

Ga kuma hujjar da nake ganin Baffa zai saurara ko da ransa bai so ba. Kuɗin da ake ba tsohon soja saboda katin yaƙinsa yana mutuwa tare da mai shi. Amma in tsohon yana karɓar fanshon shekarun aikin soja ne, ko na rauni, matar da ya bari tana iya samun rabo, kuma littafinsa na soja da lambar rajistarsa da ke ciki su ne mafarin kowace takarda. Hanyar ta yi wuya tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, ba na ce miki gobe kuɗi za su zo ba. Sai dai ba mai hankalin da zai ƙona takardar da mace mai takaba ke iya bukata. Ki je wa Baffa da wannan, bayan magariba, ba a gaban mutane ba, ki durƙusa ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce Baffa na zo neman alfarma ne a dakata har a raba gado. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wa ƙanin uba ko wansa. In kina da gwaggon da yake jin maganarta, ku je tare, ki bar ta ta yi yawancin zancen. Littafin mai shafi huɗu kuwa kada ki ambata masa yanzu. Ba ɓoyewa har abada nake nufi ba, ɗansa ne, yana da hakkin sanin akwai shi. Amma ba a miƙa wa mai fushi makami kwana ashirin da binne ubansa.

Abu ɗaya ne a cikin akwatin da na fi Baffa tsoro a kansa, kuma ke ko tsayawa a kansa ba ki yi ba: takardun shari'un mutane. Waɗannan ba na gidanku ba ne. A ciki akwai wanda aka tuhuma da sata aka wanke, akwai matar da ta faɗi abin da ya kashe aurenta, akwai rigimar gona tsakanin 'yan uwa da jikokinsu yanzu suka yi auratayya. Damagaram ƙaramin gari ne a wajen sanin juna, suna ɗaya ya fita sai an san gidan. Sirrin da aka ba lauya ba ya faɗuwa da mutuwarsa. Kada ki karanta su don neman labarin da za ki yabe shi da shi, kada ki ɗauki hotonsu. Ki ɗaure su yadda kika same su, ki nemi wani lauya a nan garin, tun da akwai kotun ɗaukaka ƙara ba a rasa su, ki ce ya tambayar miki shugaban ƙungiyar lauyoyi abin da ake yi da takardun wanda ya rasu. In akwai takardar gona ko ta gida ta asali a ciki, mai ita ko magadansa za a mayar wa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sauran kayan kuma ki cece su daga abokin gaban da ba ya jiran arba'in. Akwatin mahaifina na bari a ƙasa damina biyu a ɗakin da ba a kwana, ina cewa sai na samu sukuni. Ranar da na ɗaga murfin, takardun na nan a jere kamar ba abin da ya same su, na sa hannu sai yatsuna suka nutse. Gara ta shiga ta wata 'yar huda a gindi, ta cinye ciki ta bar mini gefe. Hoto ɗaya na tsira da shi, shi ma rabin fuska. Ki ɗora naku a kan bulo ko benci, nesa da bango, ki zuba busasshen ganyen dogon yaro a ciki. Ki ɗauki hoton kowane shafi na littafin soja da wayarki, da rana, a inuwa, ki aika wa wani ɗan uwa ɗaya da kika amince da shi don kada waya ta ɓata da komai. Kada ki yarda a manna wa tsohuwar takarda leda mai zafi a shagon fotokopi, tana kashe ta. In wata rana kina son cikakken bayanin inda ya je da ranakun, ma'ajiyar takardun sojan Faransa da ke garin Po, can ƙasar Faransa, tana riƙe da fayilolin sojan da aka ɗiba daga ƙasashenmu, kuma iyali na iya rubutawa su nema. Wannan ba ya gudu.

Abin da ke gudu yana ɗakin da ke kusa da naki. Kishiyarki nake nufi, kakarki. Wata huɗu da kwana goma za ta yi a zaune, ba biki ba kasuwa, 'yan gaisuwa kuma sun fara raguwa. Ba za ki sake samun ta a zaune haka ba. Ita ta san ko yana ihu cikin dare. Ita ta san yadda magatakarda mai iyali ya riƙa karatun shari'a a gaban fitila, da abin da aka sayar aka biya. Wataƙila ta san zancen tsohuwar Aljeriya tun kafin a haifi mahaifinki, ta riƙe shi kamar yadda aka ce ki riƙe. Haka tsofaffin da ke zama a zaurensa, da mutanen da ya tsaya wa a kotu. In kin tara maganarsu, sashen tarihi na Jami'ar André Salifou yana nan cikin gari, za a samu malamin da zai nuna miki yadda ake adana irin wannan.

Ranar arba'in, in gidanku na yi, ki rubuta abin da kika gani da idonki, a taƙaice. An haife shi wajen 1931, shekara biyar bayan an ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Ya yi soja a ƙarƙashin Faransa, ya je Indoshin da Aljeriya, ki faɗa a fili ba tare da kirari ba kuma ba tare da sunkuyar da kai ba. Ya dawo ya zama lauya. Ya rene marainiya. Ki roƙi duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, wanda kuma yake bin sa bashi ko hakki ya zo gida. Ki nuna wa Baffa kafin ki saka, in ya ce a cire hoton lambobin ki cire, ba a kansa za a yi faɗa ba.

Yau dai bayan la'asar ki sayi goro mai kyau, fari, ki shiga ɗakin tsohuwa ki zauna a bakin tabarmarta. Ki nemi izininta ki kunna abin ɗaukar murya na waya, ki kife ta a gefe don kada ta riƙa kallonta. Kada ki fara da yaƙi. Ki tambaye ta ranar da ta fara ganinsa, wace riga ce a jikinsa, kuma wa ya aiko.

Gwaggonki